Daminar da Na Ɓuya a Gidan Gwaggo

Shekarar da sojoji suka koma bariki, mulki ya dawo hannun farar hula, ita ce shekarar da gidanmu na Ƙofar Durbi ya daina yin shiru. Yayana ya tsaya takarar kansila, Allah ya ba shi nasara. Mun yi murna ƙwarai, ni har rawa na taka a ƙofar gida, abin da ban yi ba ko ranar aurena. Amma tun daga ranar da aka rantsar da su zaurenmu ya koma kamar tashar mota. Gidan gado ne, ni da Yaya kowa da sashensa, ƙofar shiga kuwa ɗaya. Kafin mu dawo daga sallar asuba mutane sun jeru a kan dakali. Wannan ruwa ya cinye masa katanga, wancan yana nema wa ɗansa aiki, wani kuma gaisuwa kawai ta kawo shi, amma gaisuwar sai ta kai hantsi.

Ni sana'ata zanen gine-gine. In ɗan kwangila ya samu aiki ni nake zana masa, in kuma tsaya kan magina har a ɗora rufi. Aiki ne marar tsari. Wani lokaci in yi watanni a ƙauye ban ga gida ba sai ranar Juma'a, wani lokaci kuma in zauna shiru ina jiran a kira ni. Tun ina makarantar sakandare nake rubuta gajerun labarai, kuma akwai wani dogon labari da na daɗe ina yawo da shi a kaina. Labarin wani direban babbar mota ne da ya ɗauko gero daga kasuwar ƙauye, da ya iso birni ya tarar da wani tsoho kwance a kan buhuna. Tsohon ya manta sunan garinsu, ya manta yadda aka yi ya hau motar. Direban ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya riƙa yawo da shi gari gari yana neman danginsa. Duk lokacin da nake tsaye cikin rana ina kallon leburori suna kwaɓa siminti, sai in ce wa kaina da zarar an gama wannan ginin zan zauna in rubuta. In an gama kuwa sai wani abu ya taso.

A wannan shekarar na gama wani ɗakin shan magani a ƙauye daf da faɗuwar damina. Aikin da ke biye, ginin wasu azuzuwan makaranta, sai aka ce a dakata har sababbin shugabanni su zauna daram, hanyar garin kuma ta bushe. Da na ji haka sai na ji kamar an sauke mani kaya. Na tsaya kasuwa na sayi takardu da biro, na dawo gida na share ɗakina na waje, na kafa tebur kusa da taga.

Tagar ce ta cuce ni. Ta fuskanci dakali, duk wanda ya gaji da jiran Yaya sai ya leƙo.

“Salamu alaikum, ƙanen Onarabul. Ana aiki?”

In amsa, a gaisa, a tambayi iyali, a tambayi ruwa, sannan a ce don Allah in leƙa ciki in ga ko ya tashi. Na rufe tagar, aka koma ƙwanƙwasa ƙofa. Wata safiya wani dattijo ya kawo wa Yaya zakaru biyu na barka, igiyar ɗaya ta kwance. Zakaran ya shigo ɗakina a guje, ya haye tebur, ya bar mani shaida a kan shafin farko, wanda shi kaɗai na iya rubutawa tun da na fara. Mutanen dakali suka shigo kama shi, kowa yana ba da shawara. Da aka fita da shi na zauna ina kallon takardar, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mani ba.

Matata ta zo ɗaukar kwanukan karin kumallo ta tarar da ni a haka. Ta dubi takardar, ta dube ni.

“Malam, lokaci dai ga shi Allah ya ba ka, wuri ne babu. Me zai hana ka je gidan Gwaggo? Lungunsu ko mota ba ta shiga.”

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Gidanta yana cikin tsohon gari, kusa da hasumiyar Gobarau, a ƙarshen wani siririn lungu da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. Mijinta tela ne, ya rasu da daɗewa, ’ya’yanta duk sun yi aure sun watse. Ita kaɗai take zaune, ta ƙi komawa gidan kowa. Da na je na durƙusa muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da jaririn da ba a yaye ba. Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni.

“Wane irin rubutu? Na sha?”

“A’a Gwaggo, labari ne. Irin wanda ake bugawa a littafi.”

“Yo ƙarya ke nan za ka zauna ka shirya.”

“Kusan haka ne.”

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta tashi ta ɗauko makulli a ƙarƙashin tabarma, ta buɗe mani ɗakin da mijinta yake ɗinki. Ƙaramin ɗaki ne na ƙasa, mai sanyi, da ’yar taga a sama wadda in ka miƙe tsaye za ka hango kan hasumiyar Gobarau. Keken ɗinkinsa yana nan, an kifar da kan a ciki, saman ya zama tebur. Na ja kujera na zauna, ƙafata ta sauka kan abin takawa da kanta.

“In wani ya zo nemanka me zan ce mashi?” in ji ta.

“Ki ce ba na nan.”

“Ni ba ni yi maka ƙarya, kai ne mai shirya ta. Sai dai in ce kana nan, amma ba ka ganuwa.”

Na ɗauka da na samu shiru shi ke nan, rubutu zai zubo. Ashe ba haka ba ne. Kwanakin farko in zo da hantsi, in jera takardu, in rubuta layi in soke. In miƙe in leƙa hasumiya, in dawo in zauna. Na saba da hayaniyar magina da ƙarar shebur, shirun ɗakin sai ya yi mani nauyi. Ga sanyin damina, ga tabarma a shimfiɗe a gefe. Wata rana na ce bari in ɗan miƙe bayana, ban farka ba sai da na ji kiran sallar azahar. Na fito ina murza ido, na tarar da Gwaggo zaune a gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida, tana zage ganyen zogale a faifai.

“Sannu da aiki,” ta ce ba ta ɗago ba. “Halan haka alƙalamin ’yan boko yake ƙara? Ni na ji kamar munshari.”

Kunya ta kama ni. Na yi alwala na je masallaci na dawo, na zauna kusa da ita na ja reshe ɗaya ina taya ta. Can sai ta ce, “To wai labarin na mene ne? Gaya mani in ji, tunda takarda ta ƙi karɓa.”

Na fara ba ta, ina zage zogale ina magana. Na faɗa mata direban, da motarsa mai tari in za ta tashi, da yadda ya ɗaga tamfol ya ga ƙafafun mutum har ya ja da baya yana salati. Abin mamaki, maganar da ta ƙi fitowa a ɗaki sai ga ta tana zuwa a jere. Gwaggo ta ajiye faifai.

“Tsohon yana da carbi a hannu?”

Ban taɓa tunanin haka ba, amma na ce yana da shi.

“To ai bai manta komai da komai ba ke nan. Shi direban yana da mata?”

“Yana da ita.”

“Me ta ce da ya shigo mata da baƙon tsoho?”

Nan take na ga matar a idona, tsaye a ƙofar ɗaki da ludayi a hannu, na ji abin da za ta faɗa. Na faɗa wa Gwaggo, ta tafa hannu ta ce wallahi haka za ta ce. Sai ta karɓe reshen da ke hannuna.

“Tashi ka je ka zuba shi yanzu tun da zafinsa. In ya huce ba ruwana.”

Ranar na rubuta har aka kira la’asar, ƙafata tana ta taka keken da babu zare, ban ma sani ba sai da Gwaggo ta leƙo ta ce ta ɗauka mai ɗakin ne ya dawo.

Daga nan muka samu hanya. In na zo da safe sai in zauna da ita tukuna, ko tana tsintar shinkafa ko tana ɓarar gyaɗa, in ba ta abin da zai faru a gaba. In na ji maganar ta kama jikinta sai in shige ɗaki. Bayan azahar in karanta mata abin da na rubuta. Ba kullum muke shiri ba. Ita tana son a ce tsohon aljani ne, ni na ƙi. Ta yi ta matsa mani in aurar wa direban wata mai tuwo da ke tashar da yake kwana, na ce mutumin nan yana da abin da ya dame shi. Har fushi ta yi da ni rabin yini, ta ce marowacin marubuci ne ni, ko biki ɗaya ba zan yi wa mutane ba. Da yamma kuma ta kawo mani gasasshiyar masara ta ce in ci, ko Allah zai sa zuciyata ta yi laushi.

In ruwa ya sauko muka koma rumfa. Indararo yana zuba a cikin babbar randa, ni ina karatu da ƙarfi don in rinjayi ƙarar ruwan, ita tana cewa in maimaita. Ban taɓa jin daɗin aiki irin na waɗannan ranakun ba. Da magariba in koma gida a ƙafa, in ratsa lunguna ina tsallake taɓo, in tarar da sauran mutanen dakali, in gaishe su da fara’ata. Matata ta ce har ƙiba na fara yi.

Sau ɗaya ne Gwaggo ta yi kuka. Na karanta mata inda tsohon ya dubi direban da safe, bayan sun daɗe tare, ya tambaye shi cikin ladabi ko shi wane ne. Na ɗago na ga tana share ido da gefen mayafi. Ta ce haka mijinta ya yi mata a shekararsa ta ƙarshe. Ta kawo masa koko, ya karɓa ya yi godiya, ya ce baiwar Allah daga wane gida. Lokacin ina ƙauye wurin aiki, ban san abin ya kai haka ba. Na ce ko in cire wurin. Ta ce, “Kada ka taɓa shi. Haka abin yake.” Sannan ta ce in ci gaba.

Ana cikin haka Yaya ya gano maɓoyata. Wata rana da hantsi ina tsakiyar rubutu na ji ƙarar babur a lungu, sai sallamarsa. Ya bar motarsa a bakin titi ya hau acaɓa, ga babbar riga ya tattare ta a kafaɗa, gefenta duk taɓo. Na ji Gwaggo ta amsa.

“Maraba da Kansila. Yau an tuna da talakawa?”

“Haba Gwaggo, ko da yaushe kina raina. Ina kwana? Ina gajiya?”

Suka gaisa sosai, sannan ya ce, “Yaron nan yana nan? Magudanar ruwan unguwarmu nake so ya zo ya auna mani, mutane sun hana ni sakat.”

“Yana nan, amma ba ya ganuwa sai azahar.”

“Gwaggo, aikin jama’a ne fa.”

“Jama’ar sun shekara nawa da magudanar nan a toshe? Ba za su mutu ba kafin azahar. Cire takalminka ka zauna.”

Ina jin su daga ɗaki, na toshe baki kada dariyata ta fito. Mutumin da ake layi don a gan shi, sai ga shi ya cire takalmi ya zauna kan tabarma kamar ɗan makaranta. Ta zubo masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Na ji suna hira ƙasa ƙasa, daga baya na daina jin muryarsa. Da na fito lokacin salla na tarar da shi ya yi matashi da hularsa a gindin bedi, yana barci baki buɗe. Sai a lokacin na lura da yadda ya rame, idanunsa sun faɗa. Gwaggo ta ɗora yatsa a baki, ta ci gaba da kore masa ƙuda da mafici.

Da ya farka ya yi salati, ya ce rabonsa da barci irin wannan tun kafin zaɓe. Muka yi salla, muka dawo, Gwaggo ta ce ba inda za mu sai an yi mata karatunta. Yaya ya zauna yana duba agogo. Na fara karanta inda direban ya kai tsohon wata kasuwar dabbobi ko wani zai gane shi, suka tsaya gaban wani dillali. Ban kai rabi ba na ga Yaya ya daina duba agogo. Da na tsaya ya ce, “To sai me ya faru?”

“Ban rubuta ba tukuna.”

“Kai, wannan ai wulaƙanci ne. Dillalin nan ya san shi ko bai san shi ba?”

A hanyarmu ta zuwa duba magudanar muka yi yarjejeniya. Daga safe zuwa azahar nawa ne, ba zai aiko kowa ba. Bayan la’asar ni nasa ne, in auna masa duk kwalbatin da yake so. Na yi zaton raba yinin zai rage mani rubutu, sai na ga ya ƙara. Da na san azahar ce iyakata sai na daina leƙen hasumiya. Shi kuma Yaya ya mayar da gidan Gwaggo wurin hutunsa. In abin ya ishe shi sai ya sulale kamar za shi masallaci, ya hau acaɓa, ya zo ya yi barcinsa, ya farka a yi karatu da shi. Shi da Gwaggo suka haɗa kai a kan maganar mai tuwo, amma ban sauka daga ra’ayina ba.

Damina ta ja baya, gero ya nuna, sai ɗan kwangila ya aiko cewa an sa hannu, hanya ta bushe, a fito aiki. Saura kashi na ƙarshe ban rubuta ba. Raina ya ɗan ɓaci, don na san halina, in na ajiye abu sai ya shekara. Na je sallama, Gwaggo ta ƙulla mani ƙuli-ƙuli da yaji a leda.

“Can ma ai akwai masu kunne,” ta ce. “Ka samu wanda za ka riƙa gaya mawa.”

Haka kuwa aka yi. A ƙauyen, in an tashi shan fura da rana, sai in zauna da magina a inuwar bulo in ba su labarin tun daga farko. Babban birkilan, wani mutum mai yawan gardama, ya ce ba a taɓa yin direba mai haƙuri haka ba, shi ya yi yaron mota ya sani. Amma kullum shi ne farkon zama. Da safe bayan sallar asuba, kafin leburori su iso, in ɗora allon katako a cinya in rubuta abin da na faɗa jiya. Kaɗan kaɗan nake yi, wata rana shafi ɗaya, wata rana ko rabi bai kai ba. Kafin a ɗora wa azuzuwan kwano na kai ƙarshe.

Ranar Juma’ar da na dawo gida, bayan an sauko daga masallaci, muka taru a gidan Gwaggo, ni da Yaya da matata. Aka shimfiɗa babbar tabarma. Na karanta yadda motar ta lalace a bakin wani ƙaramin ƙauye da ba ya cikin lissafin direban, yadda tsohon ya sauka da kansa ya bi wata ’yar hanya tsakanin gonaki ba tare da ya waiwaya ba, direban yana bin sa a baya. Ya tsaya a ƙofar wani gida mai dangar kara. Wata tsohuwa ta fito da ƙwarya a hannu, ta tsaya tana kallonsa. Na sassauta murya a wurin, na karanta abin da ta ce masa a hankali.

Sai muka ji murya daga bayan katanga.

“Don Allah Malam ɗaga murya! Me tsohuwar ta ce mashi? Mu nan ba mu ji ba!”

Muka dubi juna. Gwaggo ta fashe da dariya, ta ce maƙwabciyarta ce, ita da surukarta, tun tsakiyar damina suke kawo tabarmarsu jikin katangar in an yi azahar, sun roƙe ta kada ta faɗa mani don kada in ji kunya in daina. Yaya ya kife turmi ya ce in hau. Na hau, takardu a hannu, kaina ya ɗan wuce katangar, na hango mata sun fi biyar zaune da ƙwaryar aikinsu, kowa ta ja mayafi tana dariya. Na gaishe su, suka amsa. Sannan na koma farkon shafin, na buɗe murya yadda har na lungu zai ji, na karanta masu tsohuwar ta ajiye ƙwaryarta a ƙasa ta ce, “Sai yanzu? Shigo, ruwan wankanka ya huce.”